Shinkafata ce, amma buhun ake yabo

Assalamu alaikum Inna Hauwa'u. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni mutuniyar Argungu ce. Sana'ata gyaran shinkafa: ina sayen shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, wurin manoman fadama, in turara, in shanya, in kai inji, sannan in kai wa matan unguwar Gesse a Birnin Kebbi. Kwanaki ƙanena Ikrima, wanda ke karatun kasuwanci, ya roƙe ni in dafa mishi shinkafata saboda binciken da yake yi kan yadda mutane ke zaɓen abinci. Ya tara matan da ke saye a wurina, ya raba dafuwar tukunya ɗaya a faranti biyu. Kusa da ɗaya ya jingina buhu mai rubutun ƙasar waje, kusa da ɗayan ya ajiye tsohon buhuna. Inna, yawancinsu sun ce ta buhun waje ta fi ƙamshi da daɗi. Har da Maman Vivian, ma'aikaciyar jinya da muka daɗe muna hulɗa, wadda nake ɗauka kamar yayata. Ta ce tawa ba laifi, amma ba ta kai waccan ba. Na yi murmushi, na koma madafa na yi kuka.

Da maigidana Malami ya ji labari, sai ya ce ai mun samu hanya: mu sayi irin waɗannan buhunan a kasuwa mu riƙa zubawa. Ya ce shinkafar mai kyau ce, ba a cuci kowa ba, kuma yara na girma. Ni zuciyata ta ƙi. Amma ciniki yana ja da baya, kuma tun ranar na kasa kiran Maman Vivian. Ina ganin kamar ta raina ni. Yaya zan yi?

Taki, Mai Turara daga Argungu

AMSA

Wa alaikumussalam ƙanwata. Maigidanki ya yi daidai a wuri ɗaya: ido yana riga baki ɗanɗana abinci, kuma buhu yana da tasiri. Amma sa wa kayanki sunan da ba nasu ba ha'inci ne, ko da shinkafar ta fi kowace kyau. Ranar da aka gane, amanar da kika daɗe kina ginawa ce za ta rushe. Ki faɗa mishi haka cikin ladabi, ki kuma nuna mishi kin fahimci damuwarsa kan yara.

Su kuma matan nan, kada ki riƙe su a zuciya. Mace da ta dawo daga aiki a gajiye ba ta da lokacin tsintar tsakuwa, kuma yawancinmu mun taɓa tauna ta a shinkafar gida. Wannan tsoron ne ya yi zaɓi a ranar.

Ki yi buhunki na kanki, mai tsabta, da sunanki da lambar wayarki da sunan Argungu, a bar gefe ɗaya da ake ganin ƙwayar. Ki yi ƙanana ma don masu ƙaramin iyali. Ki tabbatar an cire tsakuwa tas, ki ce duk wadda ta samu ta dawo miki da kayan. Ikrima zai iya tambayo miki abin da suke so a gyara.

Sannan ki je wurin Maman Vivian da kanki, ku biyu kawai, ki gaya mata cikin raha cewa farantan nan daga tukunya ɗaya suka fito. Kada ki kunyata ta. Ƙamshin da ta yaba na hannunki ne, kuma ya kamata ta sani.

Allah Ya sa albarka a sana'arki, Ya daidaita tsakaninki da maigidanki.

Inna Hauwa'u