Ƙofar da Baba Ke Zuwa Dubawa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa aiki yana tafiya daidai. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, Auta kuma ta ci jarrabawarta, har ta ishe mu da labarin.

Ranar Laraba da safe na fito zan tafi shagona na kafinta, sai na tarar an yaye tamfol ɗin da ke kan motar Baba. Shi da kansa ne a tsugune da bokiti da soso, yana wanke taya. Ka san tun hatsarin bara, wanda abokin tuƙinsa ya rasu a ciki, ko da aka gyara motar bai ƙara kallon inda take ba. Abinci sai an yi fama, magana kuwa ba ta wuce to. Na yi kamar na manta guduma, na koma ciki, don kada ya ga ina kallonsa ya fasa.

Bari in faɗa maka yadda aka zo nan. Ka tuna sau ɗaya muka samu ya yarda ya ga Malama mai ba da shawara a asibitin unguwa. A lokacin labule ne kawai tsakanin teburinta da bencin masu jira. Kafin ya dawo gida, maƙwabta sun fara yi mana jaje, wai Baba ya yi kuka. Ya rantse ba shi ba wurin. To, ashe gwamnati ta fitar da tsari na ƙasa baki ɗaya: mai neman shawara a ba shi ɗakin da ba a jin maganarsa, kuma abin da ya faɗa ya tsaya nan. Malama ta je kwas a kai, ta dawo ba ɗaki. Ta yi ta bin shugaban asibitin har ya gaji ya ba ta tsohon sito, aka kira ni in gyara.

Na yi bango da katako biyu, na cusa dusar katako a tsakani. Da za a gwada, Malama ta ce a nemo mai murya. Kowa ya ce Goggo. Muka sa ta ciki, muka ce ta yi faɗa kamar an ɓarar mata da miya. Muka kasa kunne a waje, shiru. Ta fito tana haki, ta ce ta wanke ni tas, da kai ma da ba ka kiranta, duk mun yi asarar ji. Ina cikin murna sai Malama ta zauna a bencin masu jira, ta ce in zo in zauna kusa da ita. Ina zama na gane: ba a jin magana, amma kowa na ganin mai shiga. Sai na toshe wannan ƙofar, na fasa wata ta baya, wajen famfo, inda kowa ke bi. Ta kuma sa na ture teburin gefe, na ajiye kujeru biyu masu tsayi ɗaya.

Da na ba da labari a gida, Baba ya ce bai yarda da aikina ba, ƙofar da na kafa ba ta wata guda sai ta sauka. Ya ce zai je ya duba. Yaya, ƙofar nan lafiyarta ƙalau, amma duk mako sai ya sa hula ya tafi dubata, ya daɗe. In ya dawo na kan tambaye shi yaya ƙofa, ya ce tana nan dai, sai an ƙara sa ido. Ni kuma in ce Allah ya ƙara haƙuri.

Game da saƙonka, cewa in je in ji abin da Baba yake faɗa wa Malama tunda kai ne babba: na je. Ta karɓe ni da fara'a, ta ce ko Mama ce ba za ta ji daga bakinta ba, sai in Baba ya yarda, ko ta ga rayuwar wani na cikin haɗari. Ko cewa yana zuwa ba ta amsa mini ba, ni da na kafa ƙofar. Da farko na ji haushi, amma a hanya na tuna labulen nan. Don Allah in ka kira shi kada ka tambaya. Ka tambaye shi mota.

Bai tuƙa ba tukuna. Ya dai tayar da inji, ya zauna a ciki yana saurare, sannan ya kashe, ya ce a kawo masa shayi da burodi. In kana ganin na ƙara gishiri, Mama ta gani ta taga, Auta ta gani, mai faci na bakin titi ya gani har ya cire hula. Goggo ma ta gani, kuma a karon farko ba ta ce komai ba.

Mama da Goggo da Auta suna gaishe ka. Ka gaida mana Anti da yara, ka shafa mini kan ƙaramin.

Ƙaninka,
Kafinta