Na Ɗauki Zugazuginka, Baba

Baba, sannu da dawowa daga gona.

Ka gafarce ni, na ɗauki zugazuginka ban tambaya ba. Jiya lorina ta faɗa rami a hanyar Ruma da lodin gyaɗa. Na auna da zare, ashe ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya ne ya lanƙwashe. Baturen kamfani ya ce in nemi wani aiki, sabo sai daga Ingila. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan maƙeri ne." Ya ba ni zuwa Juma'a.

Na san ba ka so na bar maƙera ba. Amma don Allah ka same ni Safana, bakin kasuwa. Har yau idona bai kai naka gane ƙarfe ya nuna a wuta ba.

Ɗanka, Badaru