Inna ta ce in na sake rufe mata taga ba ta yafe ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Mahaifiyata tana wajena a Yelwa tun rasuwar Baba, ɗakinta kuma tagarsa gabas take kallo, kun dai san ta inda hadarin garin nan yake tasowa. Farkon daminar bara guguwa ta ɗauko kwanon maƙwabta ta maka shi a tagar falonmu, gilashi ya tarwatse har kan kujera, Allah ne ya kiyaye babu kowa a wajen. Tun ranar, iska na kaɗawa gabana ke faɗuwa.

Sai na samu wani mai walda ɗan kudu, ya yi min murafen ƙarfe daidai kowace taga, in hadari ya haɗo a rataya a ƙugiya a sa sakata, in ya wuce a sauke a jingine. Kowa a gidan ya yi murna ban da Inna.

Ita al'adarta, da an fara yayyafi za ta ja kujera bakin taga, ta zuge gilashin, ta miƙa hannu ruwan ya taɓa ta, ta yi ta mana addu'a ɗaya bayan ɗaya har jikoki, wai lokacin saukar ruwa addu'a ba ta faɗuwa ƙasa. Na ce ta yi daga kan gado mana, Allah yana ji. Ta ce ba a bakina za ta koyi inda Allah yake ji ba.

Makon jiya hadari ya taso baƙi ƙirin, ban yi shawara da kowa ba na rataya murfin tagarta. Da iska ta lafa na shiga, na same ta zaune a duhu tana hawaye. Ta ce na sa ta a kabari tun da ranta, in na ƙara ba ta yafe min ba. Wallahi tunda nake ban taɓa jin wannan kalmar a bakinta ba.

Yayana da ke Gubi ya ce in rabu da ita, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Shi da sauƙi, ba shi ya share gilashin bara ba. Na roƙe ta ta koma wani ɗakin, ta ƙi. Matata ta lallashe ta, ta ce yaran zamani ba mu da tawakkali.

Yanzu haka gabas ta fara duhu, murfin yana jingine a bango, Inna har ta ja kujerarta. In na rataya na saɓa mata, in na bari fuskarta ce a bakin gilashin. Don Allah in ku ne, wanne za ku ɗauka?