Ni Na Rubuta Baba Tabarau

Assalamu alaikum Admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, don zagin da nake wa kaina ya fi wanda za ku yi. Sunayen da ke ciki duk na canza su.

Ni direba ne a Riyad, kuma sai da furfura ta fito mini na fara koyon karatun boko. Mu biyu muke koya, ni da Yaya Sule da muke ɗaki ɗaya a unguwar Utaika. Wani ma'aikacin jinya, Malam Nura, shi ke koya mana kyauta ranar Juma'a, a ɓoye, don Yaya Sule bai yarda a san bai iya karatu ba. In an miƙo masa takarda sai ya shafa aljihu da hannun hagu ya ce, "Kash, na bar tabarau a mota, karanta mini." Da haka ya yi shekaru a cikinmu da mutuncinsa, shi ke sasanta rigima, shi ke tarbar baƙi. Daga ni sai Malam Nura muka san ko tabarau ɗin ba shi da shi.

Bara kamfaninmu ya haɗa ni da wani tsohon Bature ɗan Ostiraliya da aka ɗauko ya horar da masu shirin yara. Rubuta barkwanci ce sana'arsa tun ƙuruciya. Ya yi wa talabijin, ya yi wa gidajen wasan kwaikwayo, da ya manyanta ya koma rubuta wa yara. Da guntun Turancina muke hira a cunkoson motoci na unguwar Malaz, ina ba shi labari yana dariya har da buga gwiwa. Rannan na tambaye shi ina yake samo abin dariya. Ya ce ba ya ƙirƙira, a wajen mutanen gidansu yake ɗauka, har ƙanensa ya yi shekaru ba ya masa magana saboda wani wasa. Yana faɗa yana dariya. Na riƙe farkon maganar, na watsar da ƙarshenta.

Da ƙaramar Sallah ta matso, ƙungiyarmu ta 'yan Najeriya ta kama istiraha, gidan taro da ake haya a bayan gari, aka ce ana neman wasan da yara za su yi. Ni da ban taɓa rubuta abin da ya wuce saƙon waya ba, na zauna a mota ina jiran Bature, na rubuta wasa a kan wani dattijo, Baba Tabarau. Har hannun hagun na sa. Na kai wa Hajiya, matar likitan da ke shugabantar ƙungiya, na roƙe ta kada ta ce ni ne. In ban san abin da nake yi ba, me ya sa na roƙa?

Ranar Sallah ɗanta ya fito da gemun auduga, aka miƙa masa takarda, ya shafa aljihu ya ce, "Kash!" Wuri ya kece da dariya, likitoci da injiniyoyi har da share hawaye. Sai kawuna suka fara juyowa wajenmu. Yaya Sule na gefena da farantin shinkafa, ya ajiye shi a hankali, ya yi murmushi. Ni kuma, wallahi ina jin kunyar rubuta wannan, daɗi nake ji. Mutanen da ko gaisuwata da kyar suke amsawa suna dariya da abin da hannuna ya rubuta!

Bidiyo ya zaga wayoyi. Yara suka koma kiransa Baba Tabarau, manya ma sai su miƙo masa rasit su ce, "Yaya, yau an zo da shi?" Ya daina zuwa taro, ya daina karatu. Ya ce Malam Nura ne ya tona shi, tunda asibiti ɗaya suke da likitan. Bawan Allah ya zo har ƙofarmu yana rantsuwa, Yaya Sule ya ƙi fitowa. Ya juyo ya ce mini, "Ƙanena, ko ka san wani abu?" Na ce ban sani ba.

Na taɓa gwada faɗa masa gaskiya. Na ce, "Yaya, in kuma wani na kusa ne fa?" Ya yi tsaki ya ce, "Wa? Kai ƙanena ne, kwano ɗaya muke ci. Kuma kai ina ka iya rubuta wasa?" Ban san wanne ya fi yi mini ciwo ba.

Na aika wa Bature saƙon murya bayan ya koma ƙasarsu, na faɗa masa komai. Ya amsa da dariya, wai yanzu na zama marubuci. Shi yana da suna da littattafai da zai nuna a madadin ƙanensa. Ni me nake da shi? Ko sunana ba a sani ba.

Yanzu Hajiya ta matsa sai na rubuta na biyu don babbar Sallah, kuma ta ce wannan karon za ta kira ni gaban jama'a a tafa mini. Abin takaicin, tuni sababbin maganganun Baba Tabarau suke zuwa mini ina tuƙi, in tsinci kaina ina murmushi.

Jiya Yaya Sule ya dawo daga kasuwa da tabarau na gaske da sabon littafin koyon karatu. Ya zauna a bakin katifata ya ce, "Na gaji da zama abin dariya. Kai ka fi ni nisa, ka koya mini a nan ɗaki. Kai kaɗai na yarda da kai yanzu."

In na faɗa masa, na wanke Malam Nura, amma na san zai rufe littafin nan har abada. In na yi shiru, Hajiya za ta faɗa a madadina a gaban kowa. Littafin na nan kan katifata, ya ce mu fara Juma'a. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?