Katakon Baba

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Yaya Alkasim ya sake kira. Maganar dai ita ce: in albasar bana ba ta yi ba, a sayar da garkar Baba ta Jiratawa, yana da mai saye a hannu. Na ce to. Me zan ce? Shi ne babba, kuma shi ya saya mini ƙaramar taraktar da na nace sai da ita. Shekara talatin ina riƙe da alli a lakwal ina koyar da yara, yanzu ina so in nuna wa Yaya ɗan kasuwa na iya noma.

Irin albasa ya kwana arba'in a wurin reno. Mako biyu ya rage a dasa shi, in ya wuce haka ya tsufa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Shagon Maliki a Sabon Gari. Abin ɗaura wa tarakta iri uku ne: mai faifai, mai haƙora, da mai wuƙaƙe masu juyawa. Na tsaya ina kallonsu kamar ɗalibin da bai yi bita ba. Mai faifai ya yi wa taraktata nauyi. Mai haƙora kuwa, in ji Maliki, karce ƙasa kawai yake. Ya dafa mai wuƙaƙe ya ce, "Mushe malamin lakwal, wanga kam, gari yaka maida ƙasa, sai dai ka tankaɗe ka yi tuwo." Mai kaya ba ya kushe kayansa, na sani. Ban saya ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na je har Tibiri ganin mai haƙora a gonar wani. Ciwon kai kawai na ƙaro. Tuwon rana ma ya ƙi shiga.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na sayi mai wuƙaƙe. Allah ya sa ba wauta na yi ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kafin azahar na gama garka duka. Ƙasa ta kwanta luf, ko dunƙule ɗaya babu. Na ja fangali na tsaya ina kallo, raina fes. Na zauna a dogon katakon nan na gindin mangwaro inda nake zama kullum, na sa kofin shayi a hujin da ke bakinsa, daidai kamar don kofin aka yi shi.

Baba Gado, maƙwabcin garka kuma abokin Baba, ya leƙo. Ya damƙi ƙasa ya sake. "Ta yi laushi, ɗan Malam. Ruwa ya gan ta?" Na yi masa bayanin injin da muryar aji, har da faransanci. Ya gyaɗa kai ya tafi. Tambayar tasa ta bi ni har gida.

Talata, 12 ga Nuwamba

Yau layinmu na ruwa. Na buɗe, ruwa ya shigo ya zarce gabas ya kwanta har idon sawu. Yamma kuwa ƙura, ko digo bai kai ba. Injin ya niƙa ƙasa, amma kowane tudu yana nan inda ya same shi. Rabin garka tafki, rabi fako. In na dasa a haka, rabi ya ruɓe rabi ya bushe.

Ruwa sai Talata mai zuwa. Ranar iri zai cika kwana hamsin da biyar. Yaya Alkasim ya kira sau biyu, ban ɗauka ba. Tsoro nake ji, ba na ɓoye wa littafin nan.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Maliki ya ce akwai ƙarfen baje ƙasa, amma sai ya sa a kawo daga ƙetaren iyaka. Mako uku.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na tarar da karare a kafe a garka, sun bi layin inda ruwa ya tsaya. Ashe Baba Gado ne ya kafa su ranar Talata, lokacin da nake riƙe da kai. Ya same ni zaune ya ce, "Tashi." Na ɗauka fushi ne. "Tashi mana, bisa kayan aiki kake zaune."

Katakon. Hujin da nake sa kofi, da ɗan'uwansa a ɗaya bakin, na igiya ne. Baba yana sakin ruwa ya sa alama, ƙasa ta sha iska, sai a ɗaura katakon a bayan shanu a ja tudu zuwa kwari. Baba Gado na jan shanu, Baba na tsaye a kai yana danna ƙafa. "Lokacin kana can kana karatu," in ji shi.

Na tuna ranar da Baba ya zo lakwal da faso a ƙafa, na yi kamar ban gan shi ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun cire mai wuƙaƙe, mun ɗaura katako. Tsoho ya hau, ina tuƙi a hankali, ina tsoron kar ya kife. Duk wunin "dama", "tsaya", "koma" nake sha. Sau uku ya ce ban iya ba. Da gaskiyarsa.

Talata, 19 ga Nuwamba

Ruwa ya shiga. Na bi shi ba takalmi, fangali bayan fangali, ina salati. Ya kai bangon yamma, sai wata kusurwa da ba ta fi tabarma ba ce ta rage. Gobe dashe.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Mun gama dashe. Ni na kira Yaya Alkasim. Ya ce wane ƙarfe na saya a ƙarshe. Na ce na Baba ne. Ya ce, "Katakon nan yana nan?" Bai ambaci mai saye ba. Albasa dai sai an cire, ban sake jiki ba tukuna.

Na wanke katakon, na shafa masa mai, na jingine shi a inuwa. A ƙasa na zauna na sha shayi. Ba don komai ba, bai gama bushewa ba ne.