Dariyar da Aka Rataye a Kwangila

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Yaya Bahijja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwa? Na san dai ba ki daina zirga-zirga ba. Mu nan lafiya, takaba na tafiya, ina ta haƙurin rashin Baban Ashraf.

Yaya, wani abu ne ya dame ni. Kin san ƙungiyar nan da nake taya dafa wa majinyata abinci ranar Juma'a. Tun kafin rasuwar, Malam Kailani sakatarenmu ya ɗauke ni hoto ina riƙe da ludayi, na sha jambaki da lalle, ina dariya baki har kunne. Ban ma san ya ɗauka ba. To, makon jiya suka buga shi a ƙaton ƙyalle na neman taimako, suka rataye a bakin babban titi a Kwangila.

Wani ya ɗauka a waya ya kai wa Hajiya surukata. Ta zaci sabon hoto ne, wai na fita da kwalliya alhali ina takabar ɗanta. Tun ranar ba ta leƙo ni ba. Wallahi ko zaure ban taka ba. Surutun unguwa bai dame ni ba. Matar nan ita ce uwar da ta rage mini, kuma ba zan iya jure ta yi zaton na manta da shi ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida mutan gida.

Ƙanwarki,
Rauda.

Zuwa ga Yaya Bahijja,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya. Saƙonki ya iso, na gode. Amma don Allah kada ki taso daga Funtuwa, na san bakinki.

Na aika aka kira Malam Kailani. Ya tsaya a zaure, ni ina daga ciki. Shi a ganinsa karrama ni suka yi. Ban ɗaga murya ba, na dai nuna masa fuskar tawa ce, kuma tambaya ba ta fi ƙarfinsa ba. Ya ji nauyi sosai. Suka sauke ƙyallen, ya yi alkawarin ba za su ƙara buga hoton kowa ba sai da izininsa, sannan ya je da kansa ya nuna wa Hajiya ranar da aka ɗauki hoton.

Jiya da la'asar sai ga ta. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban so ta ba ni ba, da kunya ta kashe ni. Da ta zauna sai ta tambayi abin da ya ba ni dariya haka a hoton. Na sunkuyar da kai na faɗa mata gaskiya: ɗanta ne ya zo ɗaukata a babur ranar, ya tsaya bakin ƙofa yana kwaikwayon yadda take ɗanɗana miya ta yamutsa fuska. Hajiya ta tuntsire da dariya, daga nan dariyar ta koma kuka. Muka yi shi tare, har ta kama hannuna.

Da za ta tafi ta ce tana son hoton a ɗakinta, in na yarda. Yaya, duk garin nan ita kaɗai ta tambaye ni. Na ce mata na yarda.

Allah ya bar zumunci, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Taki har kullum,
Rauda.