Tulun Gilashi a Bakin Taga

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da aiki, da ƙurar ginin dam ɗinku da ba ta ƙarewa. Tunda wajenku waya ba ta shiga, na koma biro da takarda kamar 'yar makaranta. Direban kamfaninku ya ce zai riƙa kai maka in ya zo ɗaukar kaya.

Baba da sauƙi, amma har yanzu ɓarin jikinsa na hagu ba ya motsi, baki kuma bai buɗe ba. Hannun dama kaɗai ke aiki, shi ma da rawa. In na tafi aiki kantin magani da safe, Maman 'Yan Biyu ta gidan gaba ke zama da shi. Takan zo da kayan gugarta ta yi a ɗakin har in dawo bayan la'asar.

Labarin tulun kifinsa na kawo maka, wannan kewayayyen na gilashi da ya fi ƙauna fiye da mu 'ya'yansa. Fitilar da ke samansa ta mutu, ko da tana da rai ma wutar ba zama take yi ba. Ganyen da ya shuka a ciki ya yi rawaya, kifayen sun lafe a ƙasa. Na kama Baba yana kallonsu da hawaye, abin ya taɓa ni. Sai na ce rana dai ba mai ɗauke ta. Na ja ɗan teburin zuwa bakin tagar yamma, na yaye labule.

Yaya, ka zo ka ga ikon Allah! Ganyen ya miƙe, ya yi kore shar, in rana ta bugi ruwan har 'yan kumfa ke tashi daga jikinsa. Matsala ɗaya, gansakuka ta lulluɓe gilashin, ruwan ya zama kamar na kududdufi.

Baba yana gaishe ka da ido. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙonki, na kuma yi murna. Allah ya saka miki da alheri, ya ba Baba lafiya.

Ke da ko tukunya sai an yi faɗa kike wankewa, yau ke ce mai lambu a cikin ruwa. Gansakuka aikin rana ce, kada ta dame ki. Ki sa soso mai laushi ki goge gilashin ta ciki, ki rage ganyen da ya cunkushe tsakiya, ki canja rabin ruwan. Haka na ga Baba yana yi. In ruwan ya yi garau zai fi jin daɗin kallo.

Ki gaida Maman 'Yan Biyu da ƙoƙari.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na yi yadda ka ce. Gilashin ya fito fes, ruwan ya yi garau, kana iya hango ƙusar bango ta cikinsa.

Amma raina a ɓace yake. Kwanan nan in na dawo aiki ina jin ƙauri a ɗakin Baba, kaɗan-kaɗan, kamar an ƙona zare. Na duba soket, na shinshina katifa, ban ga komai ba. Jiya da na zo shara sai na ga tabo a tabarma, gindin teburin. Baƙi, kewayayye, kamar an ɗosana garwashi an ɗauke. Da na duba da kyau, ashe ba ɗaya ba ne, sun jeru a layi.

Wa ke shigo da wuta ɗakin nan? Maman 'Yan Biyu, mai dutsen guga na gawayi. Na tambaye ta, ta dafe ƙirji ta ce, "Haba 'yata, ni da nake hura gawayina a tsakar gida? Wallahi ko toka ban taɓa zubarwa a nan ba." Ni dai ban yarda ba.

Baba kuma ya canja. Da azahar ta gota, in ji ta, sai ya ƙura wa tulun ido yana gurnani, gumi na keto masa. Na ce ƙila nisa ya yi masa, ba ya ganin kifayen sosai. Na turo gadon har ya haɗu da teburin. Maimakon ya huce, sai ya koyi wata sabuwar ɗabi'a: ya miƙa hannu ya kama gefen ƙyallen teburin yana ja. Kullum sai na tarar tulun ya guso bakin teburin. Na ce, "Baba, so kake ka kashe 'ya'yanka?" Ya kalle ni wani irin kallo da ban taɓa gani a idonsa ba.

Ka yi mana addu'a.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Ki bi a hankali da Maman 'Yan Biyu. Matar nan ta goya ki, kuma ba mu da wanda zai zauna da Baba in ba ita ba. Tabon tabarma bai kai a ɓata zumunci ba. Mai irin ciwon Baba kuwa yakan yi rigima, likita ya faɗa mana tun farko. Ki daure.

Yayanki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Takardarka ta zo a makare, mai aukuwa ta riga ta auku. Na sami sabon tabo, wannan karon a gefen bargon Baba, inda ya sauko kusa da teburin. Na kasa haɗiye shi. Na faɗa mata maganganu, ta naɗe kayan gugarta tana kuka ta ce, "Allah ya gani." Ba ta sake leƙowa ba. Yanzu in zan fita sai in ba Baba abinci da magani, in gyara shi, in kulle ƙofa. Maigidan kantin ya yarda in riƙa tashi da wuri in babu jama'a.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ta tafi, ƙofa a kulle, makulli a jakata, amma jiya na tarar da wani tabon a bargon, ya fi na baya girma, har ya huda. Ɗakin na ƙauri, Baba ya jiƙe sharkaf da gumi. Yaya, me ke shiga ɗakin nan in ba na nan? Na tofa addu'o'i a kowace kusurwa. Tsoro nake ji, ban kuma san wa zan faɗa wa ba.

Jan ƙyallen nan ya yi yawa, har fatar yatsunsa ta saluɓe. Na samo ƙananan ƙusoshi na kafe ƙyallen a jikin teburin ta kowane gefe. Yana kallona ina bugawa, hawaye na bin kuncinsa. Na ce masa don kifayensa nake yi.

Ganyen dai sai ƙara kyau yake. Hadari ya janye kwana biyun nan, rana na shigowa ɗakin tar.

Taka,
Auta

*

Auta,

Ki ajiye duk abin da kike yi. Ki ɗauke tulun nan daga taga YANZU, ko ki rufe shi da zane mai kauri.

Ba mutum ba ne, ba aljan ba ne. Yau na bar gorar ruwa a kujerar mota a rana, na dawo na tarar hayaƙi na tashi daga kujerar. Hasken ya ratsa ruwan ya taru a wuri ɗaya kamar tsinin allura. Ina tsaye sai takardarki ta faɗo mini a rai. Tulun kewayayye ne, ni kuma na sa kika goge shi ya yi garau. Da azahar yake kunna wutar, kafin ki dawo hasken ya gusa. Baba kaɗai ke ganin abin, kullum, yana matsowa. Ba rigima yake ba, so yake ya kayar da tulun.

Ki cire ƙusoshin. Ki ja gadon baya. Na roƙi direba ya kai miki wannan hannu da hannu, ina kuma neman izinin tahowa.

Yayanki

*

Yaya,

Baba yana da rai. Muna asibiti.

Bargon ya kama da wuta ranar da sama ta fi washewa. Ya ja ƙyallen har ya yage daga ƙusoshina, farcensa ya cire, tulun ya faɗo kan gadon ya fashe, ruwan ya kashe wutar. Maman 'Yan Biyu ce ta ji ƙarar ta sa aka ɓalle ƙofa. Ashe tun da na kore ta, kullum da azahar tana zuwa ta zauna a bayan tagar.

Ƙafar hagu ce ta ƙone, wadda ba ya ji. Likita ya ce bai ji zafin ba. Kallonta kawai ya yi tana ci.

Takardarka ta iso washegari. Na karanta masa a bakin gado. Da na kai inda ka ce ba rigima yake ba, sai ya lumshe ido, ya lalubo hannuna da yatsun nan masu bandeji, ya riƙe.

Ka zo gida.

Auta